Yadda Ake Sabawa da Kiɗan Jaz: Abin Saurare, Abin Sha da Abin Karantawa

Kiɗan jaz ya samo asali ne a birnin Niyu Olins da ke kudancin Amurka, a tsakanin baƙaƙen fata jikokin bayi, a farkon ƙarni na 20, kuma faifansa na farko ya fito a 1917. Daga wancan lokaci zuwa yau an naɗi faya-fayai masu yawan da babu wanda rayuwarsa za ta isa ya saurare su duka, shi ya sa mai son shiga wannan fage yakan tsaya a bakin ƙofa ya rasa ta inda zai kama. Masu sha'awar jaz na haƙiƙa, waɗanda ba sa wuni ba su saurare shi ba, sun kai inda suke ne ta hanyar maimaita 'yan faya-fayan da suka mallaka har kunnensu ya san kowane makaɗi da irin muryar kayan kiɗansa. Abin shan da suke ajiyewa a gefe da littafin da suke buɗewa duka suna yi wa kunnen hidima ne, don haka da kunnen za a fara.

A fara da faifai ɗaya

Ka zaɓi faifai guda, ka zauna da shi na tsawon mako biyu ko uku kafin ka taɓa wani. Wanda ya fi dacewa da mai farawa shi ne *Kind of Blue* na Miles Davis, wanda aka naɗa a birnin Niyok a watannin Maris da Afrilu na 1959. Shahararsa kaɗai ba za ta isa hujja ba. Hujjar ita ce kiɗan yana tafiya a tsanake, kuma masu busa ukun da ke cikinsa sun sha bamban da juna ta yadda ko wanda bai taɓa jin jaz ba zai iya rarrabe su. Miles Davis yana busa ƙahon tarampet yana barin sarari tsakanin jimlolinsa kamar mai auna magana, John Coltrane yana busa babban saksafon da ƙarfi da gaggawa yana cika kowane gurbi, shi kuwa Cannonball Adderley yana busa ƙaramin saksafon da annashuwa da lanƙwasa. A bayansu akwai Bill Evans a kan fiyano, da Jimmy Cobb a kan ganguna, da Paul Chambers a kan bas, wato babban kayan kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da ake tsayarwa a ƙasa ana fizgar tsirkiyarsa da yatsu.

Kada ka saurara ta lasifikar waya, domin ba ta fitar da ƙananan sautuka masu kauri, kuma da zarar bas ta ɓace to ginshiƙin kiɗan ne ya ɓace. Iyafis mai matsakaicin kyau ya wadatar. Ka sauke faifan gaba ɗaya a wayarka saboda kada data ko rashin sabis su katse maka, ka kuma kashe tsarin nan na manhaja da ke cakuɗa waƙoƙi, tun da yake an jera su ne da niyya, ta farko tana share wa ta biyu hanya.

Koyon ƙirga

Yawancin waɗanda suke cewa jaz hayaniya ce ba su san cewa akwai tsari a ƙarƙashinsa da yake ta zagayowa ba. Makaɗan sukan fara da karin da aka tsara tun farko, sannan kowannensu ya karɓi fili ya ƙirƙiro nasa karin nan take a kan wannan tsari, daga ƙarshe su koma kan karin farko su rufe. Wanda ya iya bin zagayen ya san inda mai busa yake a kowane lokaci, ya san lokacin da ya kusa ajiyewa, ya kuma gane in ya yi wata dabara ta ba-zata. Wanda bai iya ba kuwa sai ya ji kamar ana ta zuba babu waƙafi.

Ga yadda ake koyo. Ka kunna waƙar farko ta faifan, «So What», ka bar gabatarwar fiyano da bas ta wuce. Za ka ji bas tana yin jimla, sauran kayan kiɗan suna mayar mata da sauti biyu, tamkar yadda mawaƙin gargajiya yake bayarwa 'yan amshi suna karɓa. Daga nan ka fara ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu daidai da bugun kiɗan. Kowace ƙirga huɗu gaɓa ɗaya ce. Zagaye ɗaya na wannan waƙa gaɓa 32 ne. Gaɓa 16 na farko suna zaune a kan sauti ɗaya, sai kiɗan ya ɗaga sama da rabin mataki na tsawon gaɓa 8, sannan ya sauko inda ya taso na gaɓa 8 na ƙarshe. Wannan ɗagawar ita ce alamarka a hanya, kuma tana zuwa a daidai wurinta a kowane zagaye, ko wane ne yake busa. Idan ƙirga ta kuɓuce maka, ka jira ɗagawar, ka san kana kan gaɓa ta 17, ka ci gaba daga nan. Miles Davis ne yake fara karɓar fili, sai Coltrane, sai Adderley, sai Evans.

Waƙa ta biyu, «Freddie Freeloader», tana kan ɗaya tsarin da ya fi yawa a jaz, wato bulus (blues), tsohon salon waƙar baƙaƙen Amurka, mai gaɓa 12, kuma a cikinta Wynton Kelly ne yake kan fiyano a maimakon Evans. Zagayenta gajere ne, yana saurin dawowa, saboda haka wasu sukan fi samun sauƙin koyon ƙirga da ita. Da waɗannan tsare-tsare biyu, mai gaɓa 32 da mai gaɓa 12, mutum zai iya bin kaso mafi tsoka na jaz ɗin da aka naɗa tsakanin shekarun 1920 da 1960.

Bayan ƙirga ta zauna, sai ka saurari waƙa ɗaya sau da yawa, kowane karo kana bin kayan kiɗa guda kawai. A karo na farko ka bi bas, wadda take taka sauti ɗaya a kan kowane bugu. A na biyu ka bi mai ganguna, musamman faifan tagulla da yake kaɗawa da hannun dama, da kuma wasu ƙananan faya-fayan tagulla biyu da yake haɗawa da ƙafar hagu a kan bugu na biyu da na huɗu. A na uku ka bi fiyano a lokacin da wani yake busa, ka ji yadda yake cusa sautuka a guraben da mai busa ya bari. Wannan aiki yana da ɗan gundura a farko, kuma a nan ne mutane da yawa suke sarewa, amma babu wata gajeriyar hanya da ta fi shi.

Bin sunayen makaɗa

Idan lokacin faifai na biyu ya yi, kada ka bar manhaja ta zaɓar maka. Ka duba sunayen waɗanda suka yi kiɗa a faifan farko, ka ɗauki wanda ya fi burge ka, ka nemi nasa faifan. Manhajojin saurare ba su cika nuna waɗannan sunaye ba, amma shafin Discogs yana kawo su tare da shekara da kamfanin da ya fitar. Makaɗan jaz na wancan zamani suna yawan yi wa juna aiki, jagoran yau shi ne mabiyin gobe, don haka suna ɗaya yakan buɗe ƙofofi da dama.

Wanda ya bi Bill Evans zai isa ga abin da ya naɗa a gidan kiɗa na Village Vanguard a Niyok ranar 25 ga Yunin 1961, shi da Scott LaFaro mai bas da Paul Motian mai ganguna, kwana 11 kafin LaFaro ya rasu a haɗarin mota. Wanda ya bi Adderley zai isa ga *Somethin' Else* na 1958, inda Art Blakey yake kan ganguna, kuma daga Blakey sai *Moanin'* na wannan shekarar, wanda kamfanin Blue Note ya fitar, tare da matashin mai busa ƙaho Lee Morgan. Har ila yau ta hanyar Adderley mutum zai gamu da Yusef Lateef, wanda ya yi busa a ƙungiyarsa a farkon shekarun 1960. Lateef Musulmi ne da ya tashi a birnin Ditiroyit, ya ƙware a saksafon da sarewa, kuma daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Zariya a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya yi nazari a kan sarewar Fulani. Faifansa na 1961, *Eastern Sounds*, yana cikin mafi sauƙin shiga kunne. Daga Blakey kuma akwai wata hanya da take dawowa Legas, domin Tony Allen, makaɗin gangunan Fela Kuti, ya koyi abubuwa da yawa daga sauraren Blakey da Max Roach, har ya fitar da faifan girmama Blakey a 2017.

Ka ajiye ƙaramin littafin rubutu, ka riƙa shigar da sunan faifai da shekararsa da makaɗansa da jimla ɗaya a kan abin da ka ji. Bayan wata shida za ka ga wasu sunaye suna ta maimaituwa, kuma waɗannan su ne ainihin zaɓinka, ko da ba su ne manyan da ake yawan ambata ba.

Ya kamata kuma a koma baya a ji tushe. «West End Blues» na Louis Armstrong na 1928 da abin da Duke Ellington da Count Basie suka naɗa a shekarun 1930 da 1940 suna da ƙarar tsohon faifai, kuma kowace waƙa ba ta cika wuce minti uku ba, saboda iyakar abin da fuskar faifan wancan lokaci take ɗauka ke nan kafin kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai a 1948. Kunne yakan saba da ƙarar cikin 'yan kwanaki. Abin da Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka kawo a tsakiyar shekarun 1940 yana da gudu ƙwarai, gara a jinkirta shi har ƙirga ta yi ƙarfi. Salon da Ornette Coleman ya buɗe a wajen 1960, wanda ya saki tsarin zagaye, a bar shi sai can gaba. Wanda bai san ƙa'idar ba ba zai ji daɗin karya ta ba.

Game da rabon yini, kowa da abin da ya dace da shi, amma akwai bambanci tsakanin faifan da yake jure a kunna shi ana wani aiki da wanda ba ya jurewa. Abin da Ahmad Jamal ya naɗa a otal ɗin Pershing na Shikago a 1958 yana tafiya da safiya ko da aikin ofis, Basie da Blakey suna tafiya da tuƙi ko aikin hannu, muryar Ella Fitzgerald ko Sarah Vaughan tana tafiya da hira bayan cin abinci. *A Love Supreme* na Coltrane kuwa, wanda aka naɗa a Disamban 1964, yana buƙatar a zauna masa na ɗan fiye da rabin sa'a ba tare da waya a hannu ba, kuma kunna shi a bayan hira ɓarna ce.

Giya, shayi da gahawa

A Amurka da Turai an saba ganin mai son jaz da kofin giya a gabansa, kuma wannan yana da tarihi. Daga 1920 zuwa 1933 doka ta haramta sayar da barasa a Amurka, sai sana'ar ta koma ɓoyayyun mashaya, su kuma masu mashayar suka zama manyan masu ɗaukar makaɗa aiki. A birnin Kansas, inda hukumomin gari suka kau da kai, gidajen sha suna buɗe har asuba, kuma a cikinsu ne salon Basie ya nuna. Ko bayan an janye dokar, kuɗin abin sha ne ya ci gaba da riƙe gidajen kiɗa, ta yadda a faifan Evans na 1961 da aka ambata ana jin ƙarar kofuna da hirar mutane a bayan fiyano. Har yau gidajen jaz da yawa a Niyok suna wajabta wa mai shiga ya sayi abin sha bayan kuɗin ƙofa, kodayake lemo ko ruwa yana cika wannan sharaɗi. Akwai ma kamfanin giya a Kalifoniya da ya sanya wa wata giyarsa mai duhu suna Brother Thelonious, don tunawa da mai fiyano Thelonious Monk.

Wannan alaƙa ta kasuwanci ce, kuma makaɗan ne suka fi kowa biyan farashinta. Bix Beiderbecke ya rasu a 1931 yana da shekara 28 bayan barasa ta cinye lafiyarsa. Charlie Parker ya rasu a 1955 yana da shekara 34, ƙwaya da barasa sun tsufar da jikinsa. Billie Holiday ta rasu a 1959 tana da shekara 44 da ciwon hanta. Coltrane ya bar ƙwaya da barasa a 1957, kuma duk manyan ayyukan da aka san shi da su bayan nan suka zo. Ahmad Jamal, wanda Musulmi ne kamar Lateef, ya buɗe gidan kiɗa mai suna Alhambra a Shikago a farkon shekarun 1960 wanda ba a sayar da barasa a cikinsa, sai dai bai daɗe ba ya rufe, abin da yake nuna irin dogaron da sana'ar ta yi da kwalba. Yusef Lateef kuwa a ƙarshe ya daina yin wasa a duk wurin da ake sayar da barasa.

Saboda haka Musulmin da addininsa ya hana shi giya bai rasa komai daga kiɗan ba. Wanda kuma yake sha, ya sani cewa barasa tana fara taɓa natsuwa da riƙe lissafi, waɗanda su ne kayan aikin mai bin zagaye. Giyar kwalba ta yau da kullum tana da kimanin kashi 5 cikin 100 na barasa, irin mai duhun nan kuma tana iya kusan ninka haka, don haka kofi ɗaya nata ba daidai yake da kofi ɗaya na waccan ba. Ya sha a kan abinci, ya tsaya a kan kaɗan, kada kuma ya tuƙa mota bayansa.

Misalin da ya fi cancanta a kwaikwaya yana ƙasar Jafan. A can akwai ƙananan gidajen gahawa da ake kira jazz kissa, waɗanda suka yi tashe a shekarun 1960 da 1970, lokacin da faifan da aka shigo da shi daga Amurka ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Mutum yakan sayi kofin gahawa ɗaya ya zauna gaban manyan lasifikoki, mai gida yana zaɓar faifai, kuma a wasu gidajen an hana magana sam. Ana iya yin irin wannan a ɗaki da butar shayi: a haɗa komai kafin a kunna, domin tashi neman sukari a tsakiyar busa yana yanke zaren. Da dare gara shayin da ba shi da ƙarfi, ko na citta da kanumfari, tun da gahawa bayan isha'i takan hana barci.

Littattafai

Ƙa'idar karanta littafin jaz ita ce a karanta da faifai a kusa. Duk inda marubuci ya ambaci wata waƙa, ka ajiye littafin ka neme ta ka ji, sannan ka dawo. Ta haka babi ɗaya zai iya cin mako guda, kuma hakan ne daidai. Mafi yawan waɗannan littattafai da Turanci suke, wasu kuma an fassara su zuwa Faransanci.

Abin karantawa na farko ma ba littafi ba ne, bayanin da ake bugawa a bangon faifai ne, wanda yanzu ake samu a intanet. Bill Evans ne ya rubuta na *Kind of Blue*, inda ya kwatanta ƙirƙira nan take da wani salon zane na Jafan da ba a gyara shi bayan an ja layi. A bangon *A Love Supreme* Coltrane ya buga wata addu'a ta godiya ga Ubangiji da ya rubuta, kuma a kashi na huɗu na faifan yana bin kalmominta da saksafon gaɓa bayan gaɓa. Wanda ya riƙe rubutun yana saurare zai iya bin sa layi-layi.

Daga nan sai littafin tarihi guda ɗaya da zai ba ka jerin zamani da salo. *The History of Jazz* na Ted Gioia, wanda ya fara fitowa a 1997, ya isa wannan aiki. *Blues People* na LeRoi Jones, wanda daga baya ya koma Amiri Baraka, ya fito a 1963, kuma yana bin kiɗan ne ta fuskar bauta da wariyar launin fata da ƙaurar baƙaƙe daga kudu zuwa biranen arewacin Amurka. Littafi ne mai ra'ayi mai zafi, ba sai ka yarda da duk hukuncinsa ba, amma bayan karanta shi da wuya ka sake jin bulus a matsayin nishaɗi kawai.

Tarihin rayuwa da makaɗa suka bayar da bakinsu shi ya fi daɗin karatu, shi ne kuma ya fi buƙatar taka-tsantsan. Na Miles Davis, wanda ya fito a 1989 da taimakon Quincy Troupe, yana cike da bayanin yadda ya zaɓi makaɗansa, yana kuma cike da ashar, don haka ba na barin wa yara a falo ba ne. Na Billie Holiday na 1956 an san yana da kurakuran shekaru da labarai da aka ƙawata. Na Charles Mingus na 1971 ya gauraya gaskiya da ƙage da gangan. Ana karanta irin waɗannan ne don jin halin mutumin da yadda yake kallon sana'arsa, shekaru da ranaku kuwa a tabbatar da su a littafin tarihi. Mai son labarin zaman Lateef a Zariya zai nemi nasa, *The Gentle Giant*, na 2006.

Akwai wani gwaji da marubucin jaz Leonard Feather ya shahara da shi a mujallar DownBeat, inda ake kunna wa makaɗi faifai ba tare da an gaya masa na wane ne ba, a nemi ya faɗi wanda yake busa da abin da yake gani game da shi. Ka riƙa yin wannan da aboki sau ɗaya a wata: shi ya zaɓo waƙoƙi biyar daga faya-fayan da ka rubuta a littafinka da wasu biyu da ba ka sani ba amma suna ɗauke da makaɗan da ka sani, ya kunna daga tsakiyar busa, kai kuma ka faɗi mai busa da tsawon zagayen. Sunan da ka kasa ganewa, faifansa ne za ka saurara a mako mai zuwa.